Mai Duba Layi

Sun kashe fanka tun da hantsi,
sun rufe taga, sun ja labule,
don ƙwallon nan ba ta shiri da iska.
Gashin dinya goma sha shida
da ɗan toto a gindi, iyakarta ke nan.
Mu kuwa muka zauna muna dahuwa
kamar wake a tukunyar asuba.

Kujerata tana can kusurwa,
ta roba, ƙafa ɗaya na rawa.
Layi guda aka ba ni tsaro,
fari, faɗin yatsu biyu.
Kwana huɗu ina kiwonsa.
Masar ta taka shi ta wuce,
Aljeriya, Yuganda, 'yan tsibirin Moris.
Ban riƙe fuskar kowa ba,
takalmansu na sani.

Ran Alhamis Accra ta cika zaure,
Ghana da Najeriya, biyu da biyu,
saura karo ɗaya a raba gardama.
Sai ga Fulera da raket a hannu.
Fulerar lungunmu a Nima,
wadda ta koyi duka da faifan kaba
a kan igiyar shanyar gidan Baba Sidi,
wadda uwarta ke ƙara mini taliya a kan wake
ban taɓa roƙa ba.

Ta hayin raga doguwa ce, 'yar Zariya.
In ta ɓarar sai ta ce kash,
irin kash ɗin kakana
da ya biyo goro daga can
ya zo nan ya yi kabari.
Na ce wa kunnena: ba ruwanka.
Ido aka ɗauka aiki.

Ganga na tashi, tuta na kaɗawa,
gumi na bin ƙeyata.
Zagaye na uku, ashirin da sha tara,
baƙi ke gaba.
'Yar Zariya ta ɗaga ta sama,
sama, har kusa da fitilu,
ta tsaya can kamar tana shawara,
sannan ta juyo da kai ƙasa, ta nufo ni.
Fulera ta ja da baya, ta ɗaga hannu,
ta duba, ta sauke.
Ta bar ta.

Alama uku aka koya mana.
Ka ware hannuwa: ta fita.
Ka nuna layi: tana ciki.
Ka rufe ido da tafuka: ban gani ba.
Wallahi tafukana sun taso,
sun kawo har ƙirji.
Zaure duka ya riga ya yi mini hukunci,
mutum dubu na ihun waje, waje.
Amma toton ya sumbaci fari
da abin da bai kai rabin farce ba,
kuma na gani.

Na nuna layi.

Ganga ta mutu a tsakiyar kiɗa.
Wani ya kira sunan ubana
daga benci na sama, da muryar da na sani.

A motar komawa Nima
yaron mota ya karɓi kuɗina bai dube ni ba.
Har Mamobi ba wanda ya yi tari.

Da safe na je layin wake, don ciki bai san kunya ba.
Uwar ta zuba, ta naɗe ganye,
babu taliya.
Na juya ke nan sai ga Fulera a bakin kwata,
gwiwa ɗaure da bandeji, ido ja.
Ta ce, Baba Ɗanjimma, da nawa?
Na nuna mata bakin farcena.
Ta daɗe tana kallonsa.
Ta ce, da na sani da na buga.
Sai ta karɓi ƙunshin daga hannuna,
ta koma wajen uwarta da shi.

Ina nan tsaye.
Ban san me za a ƙara ba, ko a rage.